Tarihin Magabata: Alhaji Umaru na Kete-Karaci, Limamin Zango

 A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai yi dogon zango, domin za mu bar Nijeriya ɗungurungum mu leƙa ƙasar Gana, mu kawo muku tarihin wani bawan Allah ɗan'uwanmu Bahaushe, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru na Kete-Karaci, ko kuma Imam Umaru. Wataƙila wani ya ce, to mu ina ruwanmu da mutumin da ya rasu a wata ƙasa fiye da shekara 90 da suka wuce? Ruwanmu da shi kuwa shi ne, irin zaman da muke yi a nan shi ma shi ya yi, zaman wanda ya bar garin iyayensa ya kafa gida a cikin wasu mutane masu harshensu da sarautarsu. Ya ga daɗin wannan zama, ya kuma ga wuyarsa, ya bar abin da har yau ake cin moriyarsa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Umaru a birnin Kano wajejen shekarar 1858, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Asalin gidansu mutanen Kabi ne. Shi ya sa a rubuce-rubucensa ake ganin sunansa ɗauke da garuruwa uku, ana danganta shi da Kabi, da Kano, da kuma Salaga inda ya zauna daga baya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin mutumin da za mu yi magana a kansa. Bai yar da asalinsa ba, bai kuma raina garin da ya karɓe shi ba.

A Kano ya yi karatun allo har ya sauke, sannan ya shiga karatun littattafai. Da yake an ce tafiya mabuɗin ilmi, bai tsaya a zaure ɗaya ba. Ya yi shekaru yana bin malamai a ƙasashen Kabi da Gobir da Sakkwato, ya kuma ratsa ƙasashen Zabarma da Dandi da Bargu. Mahaifinsa Malam Abubakar falke ne mai fataucin goro, saboda haka tun yana saurayi Umaru ya san hanyar Gwanja. Ke nan ya tashi da allo a hannu ɗaya, igiyar jaki a ɗaya hannun.

Ga yaran yanzu da suka saba ganin goro na zuwa a mota, bari mu ɗan faɗi yadda fataucin Gwanja yake a wancan zamani. Ayari ne kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ga madugu ga jagaba, ga jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jar fata da gabu. Su ƙetare Kwara wajejen Yawuri, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi a daji, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi, ga gaisuwar sarakuna a kowace ƙasa. A Salaga ake sayen goron da ke fitowa daga kurmin Asante, a ɗaure shi huhu-huhu a juyo gida. Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sunan Kambari kuwa ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Lafiya. Duk inda ayari ya saba yada zango, sannu a hankali sai wurin ya zama unguwa, a sami mai masauki, da mahauci, da wanzami, da malami. Asalin unguwannin da ake kira zango a Gana da Togo ke nan har gobe.

Abin mamaki, aikinsa na farko da aka sani ya yi shi ne yana ɗan shekara 20 ko ƙasa da haka. A 1877 ya tsara wani ɗan littafi da Larabci mai koyar da yadda ake rubuta wasiƙa, da misalan wasiƙu iri-iri. Mai karatu zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. To amma a tuna, mutumin da ke Salaga iyalinsa na Kano, ba waya ba gidan waya, da wasiƙa yake sanar da haihuwa da mutuwa, da ita yake neman bashinsa, da ita ake sasanta gado. Tun daga nan za a gane cewa Malam Umaru ya fahimci abin da matafiya ke bukata daga wurin malami.

Faɗuwar Salaga

A zamanin da take tashe, Salaga babbar kasuwa ce, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi. Gaskiya kuma ba ta ɓuya, ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba, har da bayi, 'yan Adam da aka kamo daga ƙasashen arewacinta. Wannan tabo ne a tarihin fataucin nan, kuma bai kamata mu riƙa tsallake shi ba in muna ba 'ya'yanmu labari.

Kasuwar ta fara ja baya ne daga 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi. Mutanen Gwanja suka ga dama ta samu suka fita daga ƙarƙashin Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A cikin wannan hali ne Malam Umaru ya tare a Salaga wajejen 1892, ya buɗe makaranta. Bai daɗe da zama ba sai yaƙin basasa ya ɓarke a wannan shekara tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja na Kpembe, garin sarautar da ke daf da Salaga, a kan gadon mulki. Aka washe gari, fatake da malamai suka watse, kowa ya kama gabansa.

Malam Umaru ya tsara waƙoƙi da Larabci a kan wannan fitina, kuma suna daga cikin manyan abubuwan da masu tarihi ke dogara da su a yau in za su ba da labarin yaƙin. Abin lura shi ne bai ɗora laifi a kan masu sarauta kaɗai ba. Ya taɓo lalacewar halayen mazauna garin su kansu tun kafin yaƙi ya zo. Dama ai sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Limancin Kete

A 1896 ya bi sahun sauran jama'a zuwa Kete-Karaci, a bakin kogin Bolta. Wannan wuri gari biyu ne a haɗe. Karaci ita ce ta 'yan ƙasa, inda suke da wani shahararren wurin bautarsu na gargajiya mai suna Dente. Kete kuwa ita ce zangon fatake Musulmi. Jamusawa, waɗanda ke mulkin Togo a lokacin, sun riga sun kafa barikinsu a wurin tun 1894.

Nan ma bai iske zama lami lafiya ba, domin gardama ta tashi a kan wanda zai zama limamin zango. Abin kunya, mutanen zango ba su iya kashe wutarsu da kansu ba, sai da magana ta kai gaban Baturen Jamus. Labarin da aka riƙe shi ne an gwada masu neman limancin da karatu, Malam Umaru ya yi rinjaye, aka tabbatar masa. Ko bayan haka saɓani da wasu manyan zango bai ƙare ba, har ya taɓa barin garin ya yi zama a wajejen Gambaga can arewa, kafin a shirya ya komo. Mun kawo wannan ne don kada mu ɗauka magabata mala'iku ne. Rigimar limanci da ta sarautar zango tsohuwar cuta ce a cikinmu, kuma duk ranar da ta tashi, wani ne daga waje yake yanke mana hukunci.

Da ƙura ta lafa, Kete ta zama gidansa har ƙarshen ransa. Limamin zango a wancan zamani aikinsa ya wuce jan salla. Shi ne mai ɗaurin aure da raɗin suna, shi ke sallar gawa, shi ke raba gado, wurinsa ake kai marar lafiya neman addu'a, shi ne kuma mai rubuta wa jama'a takarda. A kan duk wannan Malam Umaru ya ɗora karantarwa. Almajirai suka riƙa zuwa masa daga nesa, waɗanda suka sauke kuma suka bazu a zangunan Kumasi da Yandi da Tamale da Akara, wadda mutanenmu na can ke kira Ankara, suka zama malamai da limamai. Har yau akwai gidajen malamai a Gana da in an bi salsalar karatunsu sai ta tuƙe a zaurensa.

Wani aikin da ya nuna irin kulawarsa da ɗalibai shi ne fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Shu'ara ya san yadda luggar waɗannan waƙoƙi ke fasa kai. Shi kuwa ya zauna ya mayar da su harshen da ɗan falke zai gane. Wani Baturen Ingila mai binciken al'adu, R. S. Rattray, ya buga wannan fassara a 1934.

Shekarar annoba

A 1913 Malam Umaru ya tafi aikin Hajji, bai komo ba sai 1918. A can ƙasa mai tsarki ya sadu da Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya da ke zaune a Madina. Kafin ya dawo duniya ta juya. An yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa sun rasa Togo tun 1914, Kete-Karaci ta koma hannun Ingilishi.

Dawowarsa ke da wuya sai ga babbar annobar mura da ta game duniya, wadda kakanninmu a nan ƙasar Hausa suka kira marisuwa. Ta jiragen ruwa ta shigo. Ta sauka gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, a ƙarshen watan Agusta na 1918, ta sauka Ikko a watan Satumba, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake ta shiga ko'ina. Masu bincike sun ƙiyasta ta kashe mutum kamar 100,000 a Gwalkwas, a Nijeriya kuwa wajen 500,000, duk a cikin 'yan watanni. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, in ji masu iya magana, mu kuwa da ke zaune kusa da garuruwan nan biyu mun fi kowa sanin ma'anar karin maganar.

A wannan lokaci babu allurar riga-kafin cutar, babu maganinta, likitocin Turawa kuma 'yan kaɗan ne, yawancinsu suna manyan garuruwa. To me malamin zango zai yi? Alhaji Umaru ya ɗauki alƙalami ya tsara waƙa da Larabci a kan annobar, ya sa mata suna da Hausa, Tunkuyau, ya bayyana yadda cutar ke kama mutum da irin wahalar da take ba shi. A lura, a wancan zamani waƙa ita ce jarida, ita ce rediyo. Almajiri zai kwafe ta, ya hardace, ya tafi da ita wani zango ya rera. Saboda haka wanda ya sa bayanin cuta a cikin waƙa ya yi abin da ma'aikatan lafiya ke yi yau in sun fita wayar da kan jama'a. Daɗin daɗawa, ya bar wa na baya shaida. Galibin abin da aka rubuta a kan wannan annoba a Afirka ta Yamma rahotannin Turawan mulki ne, amma ga wani daga cikin waɗanda abin ya faɗa wa ya rubuta da hannunsa. Da korona ta zo a 2020 aka shiga waiwayen annobar 1918, irin wannan rubutu ne ya zama abin nema. Mu a nan, wa ya rubuta mana yadda marisuwa ta yi da Lafiya ko Keffi ko Loko?

Waƙoƙinsa da zamansa da Turawa

Alhaji Umaru na cikin manyan marubuta waƙa da Hausa ta taɓa yi, ko da yake da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa a makaranta ba. Ya yi waƙoƙin wa'azi, da na yabo, da na ta'aziyya, da na tarihi. Biyu daga cikin na Hausa sun fi fice. Ta farko ita ce Waƙar Talauci da Wadata, inda ya zana yadda jama'a ke wulakanta matalauci ko da yana da gaskiya, suna girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Wanda duk ya taɓa zama a taron unguwa ya ga yadda ake sauraron mai kuɗi a katse talaka, ya san waƙar ba ta tsufa ba. Ta biyu ita ce wadda ya yi a kan zuwan Nasara a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi. A cikinta ya bi ƙasashe da sarakunan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya. Kafin ita ma ya riga ya yi wasu biyu da Larabci a kan wannan al'amari, wajejen 1899 da 1900. Ga mutum yana zaune a zangon wata ƙasa, amma labarin garin haihuwarsa na ci masa rai.

Duk da haka bai ƙaurace wa Turawan ba, kuma a nan ne ra'ayin mutane kan rabu a kansa. Tun a Salaga ya san wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete kuma ya yi aiki da Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus wanda ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Shi wannan Mischlich ne ya roƙe shi ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa, shi kuwa ya zauna ya rubuta da ajami, shafi bayan shafi: tarihin Kabi da na wasu ƙasashe, da yadda ake noma, da sana'o'i, da fatauci, da zaman jama'a. Wani zai ce ya taimaki masu mulkin mallaka su san sirrinmu. Wani kuma zai ce ba don haka ba da wannan ilmi ya bi shi kabari. Mu dai abin da muka gani shi ne, takardun nan sun tsira, kuma a yau suna cikin mafi daraja daga abin da aka mallaka a kan rayuwar Bahaushe kafin zuwan Turawa, daga bakin wanda ya rayu a cikinta.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah Ya yi wa Alhaji Umaru rasuwa a Kete-Karaci a 1934, yana da shekara kamar 76. Bayan shekara 30 da rasuwarsa, gwamnatin Kwame Nkrumah ta datse kogin Bolta a Akosombo don samun wutar lantarki. Daga 1964 ruwa ya fara taruwa, ya zama ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya, aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Tsohon garin Kete-Karaci na cikin waɗanda ruwa ya ci, aka gina wa mutanensa sabo a kan tudu. Kasuwar da aka yi ta rigima a kanta, da gidajen attajiran zango, duk sun tafi.

Amma ruwa bai ci karatun ba. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana tattara rubuce-rubucensa daga hannun almajiransa da almajiran almajiransa. A 1973 wani ɗalibi, Douglas Ferguson, ya sami digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka da fassarar bayanin da Malam ya yi na ƙasar Hausa. A ƙasar Folan kuma wani shehun malamin Hausa, Stanislaw Pilaszewicz, ya shafe shekaru yana nazarinsa, har ya buga rubutunsa na ajami a 2000. Jama'a, ku duba fa. Mutanen Turai da Amurka na samun digiri da alƙalamin ɗan'uwanmu, mu kuwa ko sunansa ba mu koya wa 'ya'yanmu ba.

Abin da ya shafe mu

Zaman zango ba shi da tabbas in an dogara da kasuwa kaɗai. 'Yan'uwanmu na Gana sun ga haka a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane da yawa da aka haifa a can suka kwaso 'yan komatsansu suka nufo Nijeriyar da ba su taɓa gani ba. Mu alhamdu lillahi a ƙasarmu muke, kuma mun daɗe muna zaune da Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi, mun yi auratayya, muna cin kasuwa ɗaya. Amma tun da Lafiya ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996 gari ke ta buɗewa, dattawan da suka san yadda kakanninmu suka zo, da unguwar da suka fara sauka, da wanda ya ba su masauki, suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka tambaye mu tarihin zamanmu, ba rumfunan doya da buhunan riɗi za su amsa mana ba.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu ilmin boko da na Muhammadiyya, kowa ya sami dattijo ko dattijuwa a gidansu ya zauna da su da littafi da biro, ko ya ɗauki muryarsu a waya. Wanda ke da tsofaffin takardun ajami a cikin gafaka ko adaka, kada ya bar wa gara, ya kawo a ɗauki hotonsu a mayar masa da kayansa. Malamanmu da limamanmu kuma, ga misali nan a gabansu. Idan malami irin Alhaji Umaru bai ga ƙasƙanci ba a tsara waƙa a kan mura, to babu laifi liman ya yi wa jama'a bayanin zazzaɓin Lasa ko kwalara ko riga-kafin yara bayan an sallame salla. Masu hali kuma su tuna da marasa lafiyarmu da ke kwance ba mai biya musu kuɗin magani, da yaran da ke yawo ba allo ba boko. In kuwa wata gardama ta taso a kan limanci ko shugabanci, mu tuna da Kete, mu kashe ta a zaurenmu tun ba ta kai gaban hukuma ba.

Allah Ya ji ƙan Alhaji Umaru, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, da shi da iyayenmu da malamanmu baki ɗaya. Mu kuma Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a garin Lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.